Gishirin da Raili Ta Zuba

Raili Kurkela ba ta iya kurɓar kofin safe sai ta duba lambarta. Kafin ruwa ya tafasa ta riga ta buɗe waya, ta shiga shafin da ake ƙirga wa masana sau nawa 'yan'uwansu suka ambaci aikinsu a cikin nasu rubutun, ta ga ko an ƙara mata. Mijinta Kaarlo, malamin labarin ƙasa da ya yi ritaya, shi ma yana da lambar da yake dubawa da safe, ta hawan jini. Yakan ce marasa lafiya biyu ne a gidan nan, amma ɗaya kaɗai likita ya rubuta wa magani.

"Yau nawa, tsohuwa?"

"Tana inda take jiya."

"To, tawa ta hau. Ko mu yi musaya?"

Ba ta yi dariya ba. Wata da watanni ke nan lambar tana jan ƙafa, kuma ta san dalili.

A wannan garin na tsakiyar Finland aka haife ta. Mahaifinta ya ƙare ƙarfinsa a ƙarƙashin ƙasa yana fasa dutse ana fitar da tagulla, ya dawo gida da yamma ya ci baƙin burodinsa bai ce wa kowa uffan ba. Ta gaji shirunsa da faɗin goshinsa. Ta bar garin tana budurwa da rantsuwar ba za ta sake taka shi ba sai jana'iza, ta karanta ilimin fiziks, ta yi shekaru tana bin kwantiragi daga wannan jami'a zuwa waccan, Jamus, Faransa, ɗaki ɗaya da akwati biyu. Da tagulla ta ƙare aka rufe mahaƙar, sai masana suka roƙi a bar musu can ƙarshen ramin, don dutsen da ke sama yana tare duk tartsatsin da ke zubowa daga sararin samaniya. Haka Raili ta dawo bayan ta haura arba'in, ta sa hular kwano, ta shiga lif ɗin da ubanta ya riƙa shiga. Tsofaffin abokan aikinsa masu zaman shan kofi a gidan mai sukan ce uban da tagulla yake fitowa, 'yar tana fitowa hannu wofi, kuma ita jarida ke bugawa.

Ba ƙarya suka yi ba. Tun da daɗewa masu auna taurari suka lura cewa gudun da taurari ke yi ya fi ƙarfin nauyin da ido ke gani ya riƙe su. Lallai akwai wani abu mai nauyi da ya cika samaniya, ba ya ba da haske, ba ya tare haske, yana ratsa dutse da jikin mutum ba tare da ya tsaya gaisuwa ba. Ɓoyayyen abu, haka suke ce masa. A ƙarshen ramin su Raili sun kafa tankin ƙarfe cike da iskar da aka sanyaya har ta zama ruwa, suka kewaye shi da idanun lantarki, suna jiran ranar da ƙwayar ɓoyayyen abin za ta yi karo da ƙwayar ruwan ta yi ɗan ƙyalli. Ranar ba ta zo ba. Duk bayan 'yan shekaru sai su fitar da maƙala mai ɗauke da magana ɗaya: mun duba nan, babu.

Wannan "babu" ita ta yi wa Raili suna. Duk wanda zai rubuta wani hasashe a kan samaniya, daga Japan har Chile, dole ya ambaci inda aka riga aka duba ba a samu ba. Sai dai maƙalar "babu" kamar burodin bakare take, ta yau ake nema. Da zarar wata ƙungiya ta duba fiye da inda kuka duba, an daina kiran sunanku. Wata ƙungiya a ƙetaren teku ta wuce su shekara biyu da suka shige, ana kuma raɗe-raɗin tana shirin sake fitar da wata. Ko su Raili su riga su a bana, ko a manta da su. Ita kuwa ritaya ta fara leƙo ta, ba ta taɓa zama farfesa ba, ba ta haihu ba, lambar nan ita ce abin da take iya nunawa.

Suna da wata al'ada a wannan aikin. Mutumin da ya shekara goma yana neman abu, idonsa kan fara ganin abin ko babu shi, hannunsa kan karkata lissafi ba da saninsa ba. Saboda haka sai a zaɓi mutum ɗaya ya zuba ƙyallin ƙarya a cikin bayanan da tankin ke tarawa, ƙyallin da ba a iya bambanta shi da na gaske. Gishiri suke kiransa. Masu tace bayanai su yi aikinsu ba su san wanne ne gishiri ba, sai sun gama sun kulle lissafi, sannan a taru a cire gishirin a ga abin da ya rage. Mai gishiri ba ya shiga taron masu tacewa, ba ya ba da shawara, ba ya ko ɗaga gira. In ya yi kuskure ya tona, aikin shekara biyu ya lalace.

Torsti, shugaban ƙungiyar, bai yi dogon tunani ba wajen zaɓe. Ya ce a duk ƙasar nan babu fuskar da ta fi ta Raili kama da ƙofar firji.

Jagoran masu tacewa kuwa Eelis Roiha ne. Ya haura talatin, dogo, mai yawan magana abin da ba a saba gani a yankin ba, har ana tsokanarsa cewa a asibiti aka yi musanyarsa da ɗan Italiya. Manhajar da ke tace bayanan tankin shi ya rubuta ta tun daga tushe, shi kaɗai ya san lungunanta. In ya tafi kafin a gama, sai an ɓata shekara kafin wani ya gane kanta. A kundin digirinsa na uku ya yi hasashen cewa in ɓoyayyen abin zai bayyana, a wata 'yar kusurwa ta taswirar sakamako zai fito, can ƙasa ta hagu, inda kowa ya raina. Raili na cikin waɗanda suka karanta kundin suka sa masa hannu. Kuma a kakar bara ya zo ofis ɗinta yana sosa ƙeya, ya roƙe ta takardar shaida ta neman aiki a wani wuri, don Venla matarsa ta gaji da rayuwar kwantiragin shekara biyu-biyu, ga ƙaramar 'ya. Raili ta rubuta masa, ta kuma rubuta da kyau.

Mako guda bayan haka ta zauna zuba gishiri. Ta daɗe tana kallon taswirar, sannan ta zuba shi a ƙasa ta hagu.

Tana da hujja, hujja mai ƙarfi. Amfanin gishiri shi ne a gwada mutum a inda zuciyarsa ke da rauni. In ka zuba a inda ba ya sa rai, me ka gwada? Duk wani masani da za a tambaya zai ce daidai ta yi. Ta maimaita wa kanta wannan hujjar duk lokacin sanyi, tana share dusar ƙanƙara a ƙofar gida, tana jiran lif, tana goge baki, har ta fara mamakin me ya sa hujjar da ke daidai take bukatar maimaici haka.

Da ƙanƙarar tafki ta narke, ɗigon ƙyalli suka fara taruwa a kusurwar Eelis ta taswirar. Ba wanda ya faɗa mata, a tafiyarsa ta gani. A ɗakin cin abinci na cikin rami, inda take zama ita kaɗai a teburin bakin ƙofa kamar yadda al'ada ta tanada, sai ta ji idanu a kanta. Masu tacewa suna lura da yadda take yanka dankali. Wata rana Eelis ya tsaya da tirensa nesa da ita kaɗan, ya ɗaga murya don kowa ya ji.

"Jama'a, Raili ta ƙara man shanu a burodi yau. A rubuta, alama ce."

"Ka wuce, miyarka na hucewa," in ji ta.

"Kun ji? Ta damu da miyata. A kira Stockholm, masu ba da babbar lambar yabon kimiyya, su fara goge ta."

Aka yi dariya. Shi ma ya yi. Ya san akwai gishiri, kowa ya sani. Abin da yake faɗa wa kansa shi ne ko an cire gishirin wani abu zai rage, don ɗigon sun yi yawa, kuma sun zauna daidai inda lissafinsa ya ce za su zauna. Raili kaɗai ta san cewa yawansu shi ne yawan da ta zuba, ba ƙari.

Ana tsakiyar rani, lokacin da rana ba ta son faɗuwa sauro kuma ya mallaki daji, wani kamfanin birnin Tampere mai ƙera na'urorin ɗaukar hoton cikin jiki ya ba Eelis aiki na dindindin. Suka ce ya ba su amsa kafin a tashi aiki ranar Juma'ar ƙarshen wata. Cire gishiri kuwa sai kaka. Torsti ya ce ba za a matso da ranar ba, ba a gama lissafi ba.

Daga nan Raili ta rasa wurin zama. Ta wanke labule, ta sake jera itacen hura wuta da Kaarlo ya riga ya jera, ta fita yawo bakin tafki ta dawo ta sake fita. In ta ce wa Eelis ya karɓi aikin, ta tona. In ta ce ya zauna, ta yi ƙarya kuma ta tona. In ta yi shiru, zai zauna don abin da ita ta ƙirƙira da hannunta a wata safiyar Talata tana cin tuffa.

Kaarlo bai san komai game da gishirin ba, doka ta hana ta faɗa masa. Amma ya shekara da shekaru yana karanta wannan ƙofar firjin. Suna cire ciyawa a lambun dankali ya ce, ba tare da ya ɗago ba, shi bai tambaye ta komai ba, kada ma ta faɗa masa. Tambayarsa ɗaya ce.

"In Eelis ya tafi Tampere, wa zai ƙarasa muku maƙalar?"

"Ba wannan ba ce maganar."

"Na sani. Dokar aiki ce maganar." Ya buge sauro a wuyansa, ya duba tafin hannunsa. "Kin yi sa'a, tsohuwa. Ba kullum doka da son rai suke hawa mota ɗaya ba."

Ta jefar da ciyawar ta shige gida. Ba ta yi masa magana ba har washegari.

Ranar Juma'ar ta tashi da shawara. Za ta je gidan Eelis, a garin da ke gaba da nasu, ta faɗa masa, sannan ta kira Torsti ta kai ƙarar kanta. Za a cire sunanta daga maƙalar, in ma an samu maƙalar. Ta sa rigar fita, ta ɗauki makulli, ta ji wani sauƙi a ƙirjinta irin na mutumin kirki.

A gidan mai ta tsaya, ko da yake tankin motar ya fi rabi. Tsofaffin mahaƙa suka tambaye ta ko yau an samo abin, ta tsaya ta amsa musu, ita da ba ta taɓa tsayawa ba. Ta ga bai dace ta shiga gidan mutane hannu wofi ba, ta nemi burodin kirfa. Mai shagon ta ce na safe ya rage, amma sabo na cikin tanda. Raili ta ce za ta jira sabon. Da ta hau hanya ta bi ta gefen tafki, don an ce ana gyaran babbar hanya, ko da yake ba ta tuna wa ya ce ba. Wata motar katako ta shiga gabanta, ta bi ta a hankali, wurin wucewa ya zo ya wuce, wani ya zo ya wuce.

Venla ce ta buɗe ƙofa, da 'yar a kafaɗa. Ta kalli Raili, ta kalli ledar burodin. Daga cikin falo Eelis ya hango baƙuwar, ya toshe kunnuwansa da hannu biyu yana ja da baya kamar wanda ya ga kura.

"Kada ki ce komai. Ko gaisuwa ban yarda ba. Na riga na tura wa kamfanin, na ce na gode, ba zan zo ba."

"Yaushe?"

"Bai daɗe ba," in ji Venla. "Tun safe yake zaune gaban kwamfuta yana kallon waya, kamar mai jiran kira. Cire takalmi ki shigo, tunda kin kawo burodi."

Suka sha kofi. Eelis ya yi ta zuba, labarin manhaja, labarin haƙoran 'yar. Da ya tashi ya kai yarinyar ɗaki, Venla ta ajiye kofinta, ta matso.

"Raili, ni ba 'yar ƙungiyarku ba ce. Ba na lissafi, ba na rubuta maƙala. Ba zan faɗa masa ba. Ina so in san ko in ci gaba da neman gida a nan, ko in fara tattara kwali."

Saura kaɗan Raili ta faɗa mata. Amma yanzu me za ta gyara? Aikin Tampere ya tafi. Abin da ya rage a ceta shi ne maƙalar.

"Ba zan iya ba," in ji ta.

Venla ta daɗe tana kallon fuskarta, tana neman ko tsaga ɗaya. Sannan ta jingina da kujera.

"Lallai sun iya zaɓen mai gishiri."

A mota, kafin ta tayar, Raili ta tsaya ta saurari abin da ke cikin ƙirjinta. Ta so ta tarar da baƙin ciki. Akwai shi, amma a ƙarƙashinsa akwai wani abu mai ɗumi, mai nutsuwa, irin abin da mutum ke ji in ya iso tasha ya ga jirgin da ba ya son hawa ya riga ya tashi.

Aka cire gishiri da kaka, a zauren da ke saman rami, da hantsi. Torsti ya sa an ajiye kwalbar giyar murna a firji da kek a tebur, ko ta wane hali za a ci kek ɗin. Aka haska taswirar a bango, ɗigon Eelis cunkushe a ƙasa ta hagu. Raili ta zauna gaban kwamfuta ta shigar da mabuɗin da ita kaɗai ta sani. Ɗigon suka ɓace gaba ɗaya, kusurwar ta koma fari fat.

Torsti ne ya fara magana, ya ce wannan shi ne aiki mafi tsafta da ƙungiyar ta taɓa yi: masu tacewa sun kamo gishirin duka, ba su karkata lissafi ko kaɗan ba, kuma "babu" ɗin da suka samu ta zarce ta kowa a duniya. Aka tafa. Aka yanka kek, kwalbar ta ci gaba da zamanta a firji.

Eelis ya zo ya tsaya kusa da ita da farantinsa. Fuskarsa ta yi fari, amma yana murmushi.

"Daidai kan kundina, Raili."

"Nan za ka fi so. Nan ya kamata a gwada."

"Gaskiya ne. Abin haushin ke nan, gaskiya ne." Ya juya cokali a cikin kek ɗin bai ci ba. Ya rage murya. "Lokacin da kika zuba, kin riga kin rubuta mini takardar shaidar, ko tukuna?"

Tana iya cewa ba ta tuna ba.

"Na riga na rubuta."

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda lissafinsa ya fito daidai a karo na farko a ranar. Ya ajiye farantin ya fita. Washegari ya dawo aiki, ya zauna ya ƙarasa maƙalar har ƙarshe, don shi irin mutumin nan ne. Bai sake tsokanarta a ɗakin cin abinci ba.

Maƙalar ta riga ta ƙetaren teku fita. Lambar Raili ta tashi kamar an cire mata birki, kullum safiya sai ta tarar an ƙara, wani lokaci daga ƙasashen da ba ta san ana fiziks a cikinsu ba. Kwantiragin Eelis ya ƙare da narkewar ƙanƙara, ba a samu kuɗin sabunta shi ba, gurbin Tampere kuwa an daɗe da cike shi. Suka koma Oulu kusa da iyayen Venla, yana koyar da lissafi a wata sakandare a madadin malamar da ta tafi hutun haihuwa. Sunansa na nan a kan maƙalar, shi ma tasa lambar tana hawa. Kaarlo ya daina tambayar "yau nawa". Yakan ɗaura abin awon jininsa ya kalli taga.

Da za a fara sabon zagaye Raili ta je wurin Torsti ta ce a ba wani mutum aikin gishirin. Ya yi dariya, ya ce bayan abin da ta yi bara? A taron masana na Turai ana ba da misali da gishirinta. Ta ce ta gaji. Ya ce ta yi tunani zuwa Litinin. Ba ta ce a'a ba.

Ranar Litinin ta shiga lif tare da Ilona, wadda aka ɗauko daga Tartu ta ƙasar Estoniya ta gaji kujerar Eelis. Hular kwanon ta yi mata yawa, tana ta gyara ta. Lif ya fara nutsewa, iska ta toshe musu kunne, Ilona tana ba da labarin wahalar samun gidan haya da saurayinta da ya ƙi barin Estoniya, yana ta matsa mata ta dawo. Raili tana kallon dutse yana wucewa ta tsakanin ƙarafa. Ta yi niyyar yin shiru har ƙasa, yadda ya dace da mai gishiri. Sai ta ji muryarta, a sake, cikin fara'a, kamar ta babbar 'yar'uwa.

"Ke kuma a wace kusurwa kike sa ran zai fito?"

Idon Ilona ya yi haske. Ta ciro alƙalami, ta fara zana mata a tafin hannu.